Nama Ɗaya, Faranti Biyu: Yadda Ingila Ke Auna Mutum da Gashin Lahadi

Akwai maganganun da ɗan bokon Ingila ba zai ƙara furtawa a gaban jama'a ba. Ba zai ce ya daina zuwa gidan abinci kaza don baƙaƙe sun yi yawa a wurin ba, ba zai ce don Musulmi ba, ko da kuwa abin yana ransa. Doka tana nan, kunya ma tana nan. Amma a ambaci Toby Carvery, gidajen nan na gasasshen nama masu araha, a ofis ranar Litinin da safe, ka sha kallo. Wannan ya taɓe baki, waccan ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, wani ya ce shi kam Allah ya kiyashe shi, wata ta ce rabonta da wurin tun ranar jana'izar kakarta. Ba wanda zai ji a jikinsa cewa ya yi abin kunya. Raina talaka ɗan'uwansu Bature ita ce wariyar da har gobe ake yi ido na ganin ido, kuma yawanci ta kan faranti take biyowa.

Ko dokar daidaito ta 2010 ba ta san da zancen ba. Ta lissafa abubuwa tara da aka hana a ware mutum saboda su, har da launin fata da addini da jinsi da shekaru da naƙasa, amma gidan da mutum ya fito da nauyin aljihun iyayensa ba sa ciki.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda wurin yake. Gida ne babba, galibi tsohuwar mashaya da aka faɗaɗa, a bakin shataletale ko gefen babban titi a bayan gari, da makeken filin ajiye motoci a gaba. In ka shiga za a nuna maka tebur, a rubuta abin da za ka ci, a miƙo maka 'yar takarda. Sai ka bi layi zuwa wani dogon kanta mai fitilu masu zafi a sama. Kuku yana tsaye da doguwar wuƙa, a gabansa manyan tsokoki da suka kwana ko suka wuni a tanda: na sa, na talotalo, na alade iri biyu, mai gishiri da marar gishiri. Ka nuna wanda kake so, ya yanko maka 'yan sala-sala, ya ɗora maka wani gasasshen kwaɓi na fulawa da ƙwai da madara mai rami a tsakiya, wanda suke kira Yorkshire pudding. Daga nan ya gama da kai. Sauran aiki naka ne: dankali gasasshe da dakakke, karas, kabeji, koren wake, albasa, farin kabeji a cikin cuku, ka ɗibi son ranka, ka malala romo a kai. Nama da awo, ganye ba awo, in bai ishe ka ba ka koma ka ƙaro. A ranakun aiki kuɗin farantin yana kusa da ladan sa'a guda na mai karɓar albashi mafi ƙaranci, wanda ya koma fam 12.21 a watan Afrilun 2025. Ranar Lahadi yana ɗan hawa.

Toby Carvery ne ya fi suna, da rassa wajen 150, shi ya sa shi ke shan ba'a a madadin kowa. Amma akwai Farmhouse Inns na kamfanin Greene King, akwai Stonehouse, da ƙananan gidaje barkatai masu bin tsarin.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, wannan abincin da ake yi wa dariya shi ne abincin da duk Ingila ke tinƙaho da shi. Gasasshen naman sa na ranar Lahadi ba abincin talaka kaɗai ba ne, na kowa ne, har Faransawa suna yi wa mutanen Ingila laƙabi da shi. A titin Strand na Landan akwai tsohon gidan Simpson's, wanda ya faro a 1828 a matsayin wurin shan gahawa da wasan dara irin ta Turawa. Don kada a tashi masu wasa daga kan darar, sai aka riƙa turo naman a kan amalanke mai murfin azurfa har gaban tebur, a yanka a gaban mai ci. Firayim ministoci irin su Gladstone da Disraeli sun ci a can. To ku duba da kyau: tsoka ɗaya, wuƙa ɗaya, romo ɗaya, kuku ɗaya a tsaye yana yanka. Bambancin kawai, a can nama ne ke zuwa wurin mutum, a nan mutum ne ke zuwa wurin nama da farantinsa a hannu. Na farko sunansa al'adar gargajiya, ana kawo baƙi daga Amurka da Japan su gani. Na biyu sunansa abin dariya.

Talakan ma ba aro ya yi ba, yana da nasa tarihin a cikin abincin. A da, gidajen da ba su da tanda sukan kai tiren namansu gidan mai burodi ranar Lahadi da safe, tunda ba ya gashin burodi ranar, su wuce coci, su biyo su karɓa a kan hanyar gida. Shi kuwa wannan kwaɓi mai rami, wanda sunansa ya shiga rubuce tun 1747, a arewacin Ingila da shi ake fara cin abinci, a jiƙa shi da romo a cika wa yara ciki kafin a kawo nama, don kada ɗan naman ya kasa zagayawa. Dabarar uwa ce mai baki da yawa da tsoka ƙarama. Gidajen gashin nan masu araha ba su ƙirƙiro komai ba, wannan dabarar suka mayar kasuwanci: a cika faranti da abin da ke da sauƙi, a auna abin da ke da tsada. Wanda ya ce yaudara ce bai san tarihin kakarsa ba.

Kuma kada a manta cewa cin abinci a waje sabon abu ne ga ma'aikacin Ingila. Sai a watan Yulin 1954 aka daina rabon nama da kati, shekara tara bayan ƙare yaƙin duniya na biyu. Jim kaɗan bayan nan wasu 'yan'uwa biyu 'yan asalin Italiya, Frank da Aldo Berni, suka buɗe gidan cin nama a Bristol wanda ya haifi rassa a ko'ina. A nan ne leburan masana'anta da matarsa suka fara zama a tebur mai shimfiɗa ana kawo musu abinci, ba su ke kai wa wani ba. Yau in aka tuno gidajen Berni, da dariya ake tunowa, ana kwaikwayon jerin abincinsu a matsayin shaidar ƙauyancin wancan zamani. Duk lokacin da talaka ya samu shiga wani jin daɗi, jin daɗin ne ke zubar da daraja a idon waɗanda suka riga shi.

Ga wani abin da masu taɓe baki ba su cika sani ba, ko sun sani suna kau da kai. Toby Carvery mallakar kamfanin Mitchells & Butlers ne, mai hedikwata a Birmingham, mai gidajen ci da sha wajen 1,700. Kamfanin nan shi ke da Miller & Carter, gidan naman da ake sa kwat a je bikin ƙarin girma a wurin aiki. Shi ke da All Bar One, inda ma'aikatan banki da lauyoyi ke taruwa bayan an tashi. Shi ke da Browns, shi ke da Nicholson's masu tsofaffin gine-gine a tsakiyar Landan, shi ke da Vintage Inns da ke shigar mashayar ƙauye mai murhun itace. Wadda ta ce ita ba ta cin abincin kamfani, ta fi son wuri mai nasa hali, da wuya ba a ɗaya daga cikin waɗannan ta ci ranar Juma'a ba. Kuɗinta da na direban motar kaya aljihu ɗaya suke shiga. Kamfanin ya san Ingila fiye da yadda ta san kanta: ya gina wa kowane aji ƙofarsa, ya canza fenti da fitila da kiɗa, ya tabbatar ba za su haɗu a layi ba.

To in ba abincin ba ne, kuma ba kamfanin ba ne, me ake rainawa?

Ni a ganina tulin ake rainawa. Na taɓa raka wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin masana'antar motoci, da ya matsa sai na ga wurin da yake zuwa tun matarsa na da rai. Ni shayi na sha, don kantan da alade ke kwance a kai ba nawa ba ne, amma ido ya ci. A gabansa a layi akwai wani ƙato da rigar aiki mai ɗaukar ido, fenti duk a wandonsa. Na ga yadda ya yi gini a farantin nan da natsuwa. Ya fara jera gasasshen dankali a gefe-gefe ya zama katanga, ya zuba dakakke a tsakiya ya danne da bayan cokali, ya kafa karas da kabeji a kai, ya cika ramin kwaɓin nan da koren wake don kada su gangaro, ya ɗora shi a can ƙoli, sannan ya zuba romo a hankali yana juya farantin. Ya ɗauka da hannu biyu, yana tafiya sannu-sannu, idonsa a kan romon. Da ya isa tebur lafiya, 'yarsa ƙarama ta tafa masa. Ba wanda ya ji kunya a teburin nan. Mutumin ya biya kuɗinsa, yunwa yake ji, an ce ya ɗiba, ya ɗiba.

Wannan shi ne laifin. A tarbiyyar masu hali na Ingila, ba a nuna yunwa. Ana barin ɗan saura a faranti, ana cewa an ƙoshi tun ba a ƙoshi ba, ana yabon abinci da ƙanƙantarsa. Wanda bai taɓa kwana da tunanin abincin gobe ba shi ne ke iya wasa da cokali. Shi kuwa tuli yana tona asiri: yana cewa mai shi ya yi lissafi, ya san nawa ya biya, kuma yana so ya fanshe. Abin da ake wa dariya ke nan, mutum ya bari an gan shi yana lissafi. A Ingila ba a cika gafarta wa wanda ya bari aka ga haka ba.

Sai kuma masu zuwa. 'Yan fansho da rana tsaka, wasu da sanda, wasu a keken guragu. Iyali mai baki takwas, daga kaka har jinjiri, an haɗa tebur uku. Mutanen da suka fito daga maƙabarta da baƙaƙen kaya. 'Yan ƙwallon unguwa da taɓo a ƙafa. Yara suna gudu tsakanin tebura, wani yana kuka, ba mai harararsa. Kafet mai zane ruɗu-ruɗu da aka zaɓa don ya ɓoye romon da ya zube. Wurin ba ya tace kowa, kuma a ƙasar da darajar wuri take a yawan waɗanda ya hana shiga, wannan kaɗai ya isa ya jawo masa raini.

A 2013 BBC ta fitar da sakamakon wani babban bincike kan azuzuwan jama'ar Birtaniya, wanda mutum sama da 160,000 suka amsa, ƙarƙashin masana irin su Mike Savage da Fiona Devine. Suka ce tsohon rabon nan na gida uku, manya da matsakaita da ma'aikata, ya daina aiki, yanzu aji bakwai ne, daga 'yan ƙoli da ba su wuce kashi 6 cikin ɗari ba zuwa 'yan hannu-baka-hannu-ƙwarya da suka kai kashi 15. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ma'aunin. Ba kuɗi kaɗai suka auna ba. Sun tambayi wa ka sani, sun kuma tambayi me kake sha'awa: wane kiɗa, wane wasa, ina kake zuwa hutu. Ma'ana abin da ke maka daɗi shi ma dukiya ne, ana gadonsa, ana kuma cin ribarsa a wurin neman aiki da neman aure. Mai kuɗin da ya tashi a gidan talakawa, ko ya sayi gidan bene, in ya ce shi fa gashin Toby ya fi masa, an gane shi. Malamin jami'a da albashinsa bai kai na mai gyaran famfo ba kuwa, yana da abu ɗaya da zai riƙe ya ji ya fi: ya san inda ba a zuwa. Shi ya sa raini ya fi zafi daga waɗanda ke dab da layin, ba daga attajiran gaske ba. Attajiri bai ma san wurin yana nan ba.

Su waye kuma ke yanke hukuncin abin da ya dace a so? Ƙididdigar da gidauniyar Sutton Trust ta fitar a 2019 ta nuna cewa yara kashi 7 ne kawai ke zuwa makarantun kuɗi, amma kashi 44 na masu rubutun sharhi a manyan jaridu daga can suka fito. In ɗayansu ya je gidan gashi mai araha don ya yi rubutu, tafiyar tasa takan zama kamar ta mai yawon buɗe ido a baƙuwar ƙasa: ya je, ya gani, ya tsira, ga labari. Ko da ya yaba, yabon da mamaki yake zuwa, wai ashe ana iya ci.

Ba ina cewa abincin ba shi da aibu ba. Kabejin da ya daɗe a ƙarƙashin fitila yakan saki jiki. Naman wani lokaci yankan ya yi siriri har ka hango faranti ta cikinsa, wani lokaci ya bushe. Gishiri ya yi yawa. Reshe ya fi reshe, kuma ranar Lahadi da ƙarfe biyu layin kan kai ƙofa. Duk wannan gaskiya ne, kuma masu zuwa sun fi kowa sani, suna ma faɗa da bakinsu, sun san reshen da kukunsa ke da sakin hannu da wanda ke da maƙo. Amma na ci busasshen nama a wuraren da kuɗinsu ya ninka wannan sau biyu, ban ji an ce masu zuwa can ba su da tarbiyya ba. A can sai a ce kuku ne ya tashi da ƙafar hagu. A nan kuwa sai a ce ai dama irin mutanen ke nan.

Zancen lafiya ma ana fakewa da shi. Tun watan Afrilun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci masu ma'aikata 250 ko fiye a Ingila su rubuta yawan kuzarin da ke cikin kowane abinci a jikin takardar zaɓi. Dokar ba ta hau kan ƙananan gidaje ba. Sakamakon haka, mai cin gashin araha yana zaɓar abincinsa da lamba a gabansa tana yi masa wa'azi, shi kuwa mai cin na tsada a mashayar zamani, irin waɗanda suka yaɗu bayan buɗe The Eagle a Landan a 1991, yana narka dankalin da aka soya a kitsen agwagwa ba mai ce masa uffan. Ban ce niyyar dokar ke nan ba. Amma haka ta faɗo. Ga shi kuma, in gaskiya za a bi, farantin da ke ɗauke da karas da kabeji da koren wake ba awo ya fi abinci da yawa da ake saye da irin kuɗin nan amfani a jiki.

A 2013 shahararren kukun nan na talabijin, Jamie Oliver, ya sha suka bayan ya yi wata magana a hira, inda ya nuna mamakin iyalin da ke kukan talauci suna cin soyayyen dankali da cuku a robar saye, ga kuma ƙatuwar talabijin a bayansu. Mutumin ya yi aikin kirki a kan abincin makarantu, ba na hana shi wannan. Amma maganar ta fito da abin da ke zuciyar mutane da yawa: talaka ba shi da izinin jin daɗi sai ya kawo hujja. Shekara shida bayan haka, a 2019, jerin gidajen abincinsa na Italiya suka durƙushe, mutum wajen dubu suka rasa aiki. Gidajen gashin da ba a yi wa kallon komai suna nan suna yanka.

'Yan siyasa kuwa sun san darajar abincin talaka sau ɗaya a shekara biyar. A 2012 ministan kuɗi George Osborne ya so ya ɗora harajin kashi 20 kan irin su fanken nama mai zafi da ake saye a shagunan Greggs. A zaman kwamitin majalisa aka tambaye shi yaushe rabonsa da sayen ɗaya, ya kasa tunawa. Firayim minista David Cameron ya yi wuf ya ce shi kam yana so, har ya ba da labarin wanda ya saya a tashar jirgin ƙasa ta Leeds, sai 'yan jarida suka gano shagon da yake nufi ya daɗe da rufewa. Shugabannin adawa suka ruga Greggs da masu ɗaukar hoto a bayansu. Gwamnati ta janye. Duka ɓangarorin biyu abu ɗaya suka nuna: abincin nan a wurinsu riga ce ta shiga kamfe. Bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 abin ya ƙara muni. Tunda Tim Martin, mai gidajen Wetherspoon masu araha, ya fito fili ya goyi bayan ficewa, sai inda mutum ke cin abinci ya zama shaidar yadda ya jefa ƙuri'a, da yawan karatunsa, har da ko yana ƙin baƙi. Kashi 52 ne suka zaɓi ficewa. Ba gidajen gashi da za su ɗauke su ko da an haɗa duka.

Inda abin ya fi damuna shi ne mu. Mu da muka zo ƙasar karatu ko aiki, ba mu ɗaukar lokaci kafin mu haddace wanda ake rainawa. Wani ɗan ƙanwata da ke digiri na biyu ya ji na ce na raka maƙwabcina, sai ya kwashe da dariya.

"Haba Kawu, me ya kai ka? Ai wurin 'yan ƙasa-ƙasa ne."

"Ka taɓa shiga ne, ɗana?"

"A'a, amma ai kowa ya sani."

Kowa ɗin nan abokan ajinsa ne. Yaron da bai gama gane hanyar tashar bas ba, ya riga ya san Turawan da ya kamata ya ɗaga wa hanci, don ya lura cewa ita ce hanya mafi sauƙi ta zama ɗan gari. Da ya ce mini ba ya zuwa don akwai alade a kan kanta ɗaya da sauran nama, kuma ana sayar da giya, da na ce masa Allah ya yi maka albarka, hujja ce cikakkiya, ni ma ita ta hana ni miƙa faranti. Addini ya hana mu cin abu, bai ba mu izinin raina mai ci don talaucinsa ba. Su kuma waɗannan 'yan ƙasa-ƙasan, su ne muke tashi aikin dare tare da su a rumbunan kaya da asibitoci, su ne ke ara mana abin tayar da batir in sanyi ya kashe mota.

Waɗanda suka fi mu sanin darajar wurin su ne 'yan'uwanmu mata da suka shigo da bizar aikin kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan. Wata daga cikinsu ta ce mini, "Yaya, da ka ga yadda suke shiri tun dare in an ce gobe za a kai su. A goge riga, a gyara gashi, wata har jan baki." Ta ce dalilin zaɓen wurin a fili yake: ba matakala, ƙofa tana ɗaukar keken guragu, bayi yana da faɗi, abincin mai laushi ne kuma sun san shi tun suna yara, ba wanda ke ƙosawa in tsohuwa ta ɗauki rabin sa'a tana tauna. A ƙasar da kaɗaici ya kai har gwamnatin Theresa May ta naɗa masa minista a 2018, wurin da dattijo zai sa taye ranar Talata ya je ya zauna cikin hayaniyar mutane, a kira shi da sunansa, da kuɗin da fanshonsa zai ɗauka, ba abin wasa ba ne. Balle bayan 2022, da hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a watan Oktoba, ta abinci kuma ta haura kashi 19 a Maris ɗin 2023, har kunna tanda na sa'o'i a gida don gasa tsoka ya zama abin da ake tsayawa a yi wa lissafi.

In ana neman wanda za a yi wa faɗa, akwai shi, amma ba a layin yake ba. A farkon Afrilun 2025 aka sare wani tsohon itacen oak mai shekara wajen 500 a dajin shaƙatawa na Whitewebbs da ke Enfield a arewacin Landan, dab da wani reshen Toby Carvery. Filin na ƙaramar hukuma ne, kamfanin haya yake. Mitchells & Butlers ya ce masana aikin itace ne suka ba shi shawara cewa itacen na da haɗari ga jama'a. Ƙaramar hukumar ta ce ba a nemi izininta ba, ta kai ƙara wurin 'yan sanda, shugaban kamfanin kuma ya fito ya ba da haƙuri. Wannan fushin yana kan hanya, don ya nufi masu yanke shawara. Haka in an tambayi nawa ake biyan yarinyar da ke kwashe faranti, ko me ya sa ƙananan mashayu masu zaman kansu ke mutuwa manyan kamfanoni suna haɗiye wurarensu. Waɗannan tambayoyi ne na gaske, amma suna buƙatar a karanta rahoton kuɗi, a san sunan masu hannun jari. Yi wa mai tulin dankali dariya ba ya buƙatar komai.

Kuma wuraren ba su da tabbas kamar yadda ake zato. Wetherspoon ya daina gashin Lahadi tun 2016. A Afrilun 2024 kamfanin Whitbread ya sanar da cewa zai rabu da gidajen abincinsa sama da 200 na Beefeater da Brewers Fayre, a sayar da wasu, a mayar da wasu ɗakunan kwana na otal ɗinsa Premier Inn, ma'aikata wajen 1,500 su tafi. Ɗakin kwana ya fi faranti riba. A bayan garin da aka rufe irin wannan gida, ba mashayar zamani ce ke zuwa ta maye gurbinsa ba, don ita ba ta da abin yi a bakin shataletale. Abin da ke zuwa shi ne tagar miƙa abinci ta cikin mota da babur ɗin kai saƙo, kuma a cikinsu babu inda za a haɗa tebur uku a zaunar da mutum takwas.